Kwancin Mai Hula

Zuwa ga 'yata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara muku rufin asiri, Ya raya abin da Ya ba ku, Ya jiƙan Ummanku, Ya sa ta huta. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta hagu ta ɗan saki, ina iya durƙusawa ba sai na dafa bango ba. Gwaggonki ta koma gidanta, ta bar mini tukwane a wanke da dokoki masu yawa, waɗanda ban bi ko ɗaya ba. Ƙaninki ya koma bakin aikinsa, yana leƙo ni ƙarshen mako, ya zauna ya kalle ni, in kalle shi, ya ce ko akwai abin da nake so, in ce babu, ya tafi.

Kin tambaye ni a waya ko kajin Ummanku suna nan, na ce suna nan, kika jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba. Ki yi haƙuri. Akwai abin faɗa, bakina ne ba ya ɗauka, shi ya sa na nemi biro. Amma kafin in kai ga kaji, bari in gaya miki yadda nake, don kada ki ji daga bakin mutane ki yarda. Kowa yana cewa Baba ya yi haƙuri, Baba ya yi tawakkali, har ana misali da ni a gaban yara. Wallahi Uwata ba haƙuri ba ne. Kin san idan mutum ya daɗe zaune a kan ƙafarsa, ya miƙe ya taka ƙasa bai ji ta ba? To haka nake gaba ɗaya tun ranar da muka kai ta. In an ajiye abinci in ci, ban san ko da gishiri ko babu ba. In je shago, in auna katako, in yanka, in buga ƙusa. Ranar nan guduma ta sauka a kan babban yatsana har farce ya yi baƙi, na tsaya ina kallonsa kamar yatsan wani. Hawaye kuwa ko ɗigo. Har kunya nake ji idan tsofaffin ƙawayenta suka zo suna kuka, ni mijinta ina miƙa musu kujera.

Kin tuna Mai Hula ai, 'yar mitsitsiyar farar kazar nan da gashinta ba irin na kaji ba ne, laushi kamar auduga, ya rufe ta har yatsun ƙafa, ga tukku a ka ya sauko mata har ido. Ranar da Ummanku ta kawo ta da ɗan zakaranta, na ce wannan kuma mene ne, kazar da ba ta cika tukunya ba, ƙwanta bai cika cokali ba, ina amfaninta. Ta ce ai ni ma ba don amfani ta ajiye ni ba. Haka na ƙare da yi musu ɗaki na daban a cikin akurki, da raga da 'yar ƙofa mai sakata, aikin da ko mai kuɗi ban taɓa yi wa da irin wannan natsuwar ba. To 'yan kwanaki kafin ciwon ya kayar da ita, Mai Hula ta fara kwanci. Ummanku ta tara mata ƙwanta guda bakwai a tsohon kwandon nan, ta shimfiɗa dusar katako, ta kai ɗakin ajiya na bayan gida don kada manyan kaji su dame ta. Kowane ƙwai ta zana masa da'ira da fensirina, wai ko wata kazar ta saci hanya ta yi ƙwai a ciki za ta gane nata. Da'irar tata ma ba ta taɓa haɗewa, kullum sai ta bar ɗan baki a buɗe.

Abin da ya faru a kwanakin zaman makoki, sai daga baya na sani. Gida ya cika, mata suna neman inda za su jibge buhuna da manyan tukwane, sai Gwaggonki ta buɗe ɗakin ajiya ta ga kaza a kwando. Ta ɗauki kazar ta jefa akurki ta rufe, ta ɗora kwandon a saman kabad don kada yara su fasa ƙwan. A ganinta ta kyauta, kuma ni ban zarge ta ba, a ranar wa yake ta kaza. Ƙwayayen suka wuni suka kwana babu uwa a kansu. A cikin hidimar baƙi kuma wani ya haɗa da ɗan zakaran ya yanka, abin da bai kai loma uku ba, ban ma san wanda ya ci shi ba. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu, aminiyar Ummanku, ita ta ji Mai Hula tana ta buga ƙirjinta a raga, ta gane, ta sauko da kwandon ta mayar mata. Ta ce ko juyawa kazar ba ta yi ba, ta hau ta gyara su da baki ta kwanta. Kin ga ke nan a cikin irin nata ita kaɗai ta rage, sai abin da yake ƙarƙashinta.

Da mutane suka watse, kaji suka zama nawa. Ni da ban taɓa sanin ko suna shan ruwa ba, yanzu da safe in buɗe akurki, in wanke mazubin ruwa, in dama musu dusa da ɓarzajjen hatsi, in tsaya da sanda saboda jar nan mai mugun hali da ba ta barin kowa ya ci sai ta ƙoshi. Ina share kashi, ina zuba sabuwar dusar katako da nake ɗebowa daga shago, ina barbaɗa toka a lungu saboda ƙuma. In shirwa ta gifta, su ruga ƙarƙashin benci, ni in ɗaga kai in bi ta da ido. Ba wai ina jin daɗin aikin ba, ba kuma ina jin wahalarsa ba. Abu ne da ake yi da safe, in an gama a yi na gaba. Mai Hula kuwa tana can a kwandonta. Kullum in ɗaga ta in ajiye a gaban abinci, ta tsattsagi ƙwaya biyu, ta kurɓi ruwa, ta koma a guje kamar an ce gobara ta tashi.

Sati uku da ake cewa ƙwai yana ƙyanƙyashewa ya zo ya wuce. Wata ya wuce. Maman 'Yan Biyu ta leƙo ta katanga ta tambaya, na ce shiru. Ta shigo da tocila, ta ja ƙofar ɗakin ajiya don ya yi duhu, ta riƙa ɗaukar ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana haskawa, tana kai shi kunne tana ɗan girgizawa. Ni ma na ji, ruwa ne kawai yake motsi a ciki. Ta ce duk sun zama baragurbi, sanyin ranar nan ya kashe su, in kwashe in binne kafin su fashe a ƙarƙashinta. Na ce to. Ta tafi, na mayar da su yadda suke, na ɗora kazar a kai. Bayan 'yan kwanaki ta sake tambaya, na ce a ƙara musu lokaci, ƙila irin waɗannan suna daɗewa. Ta dube ni ta ce Malam Kafinta, ƙwai ba katako ba ne da za a jira ya bushe. Na yi mata kunnen uwar shegu.

Sai kazar ta fara lalacewa. Gashi ya ɓoye abin, ba a gani da ido, sai an ɗauka. Wata safiya na ɗaga ta na ji kamar hular ulu na ɗauka, babu kowa a ciki, ƙashin ƙirjinta ya fito kamar gefen zarto. Na ajiye ta gaban abinci, ta tsaya tana tangaɗi, ba ta ko kalli hatsin ba, ta ja jiki ta koma. A ranar Maman 'Yan Biyu ta daina lallaɓa ni. Ta ce irin waɗannan ƙananan kajin sun fi kowace kaza naci, sai su mutu a kan ƙwai, ta gani da idonta. Ta ce idan na bar ta haka ba za ta ga ƙarshen wata ba, kuma ita ba za ta tsaya tana kallo a kashe kazar aminiyarta da yunwa ba. Hanya biyu ce, ko a raba ta da kwandon da ƙarfi a kulle ta a keji har kwancin ya sake ta, wanda a yadda ta rame ba lallai ta kai ba, ko a samo mata 'yan tsaki sababbin fitowa a sa mata a ƙarƙashi, ta ɗauka nata ne suka fito. Ta ce na biyun ma caca ce, wata kazar takan karɓa, wata ta fasa musu kai.

Washegari ban buɗe shago ba, na shiga neman irinsu. Kai, ashe abin da wuya. Sai da aka yi ta tura ni daga wannan zuwa wancan kafin na samu wani mai kiwo a bayan masu sayar da katako, wanda 'yan tsakinsa suka fito a daren da ya gabata. Ya ba ni biyar a kwali mai huji. Uwata, da kin gan su. Kamar an dunƙule auduga an sa mata ido, ƙafafunsu har da ɗan gashi, uku farare, ɗaya ruwan ƙasa, ɗaya toka-toka wanda ya fi kowa ƙanƙanta da yawan kuka. Mai kiwon ya ce in tsoma bakin kowanne a ruwa sau ɗaya don ya san hanyar sha, kada kuma in bari iska ta buge su. Na rungumo kwalin a cikin riga har gida, mutane suna kallona a mota kamar wanda ya sato wani abu. A gida na cika kwalba da ruwan zafi, na sa ta a tsohuwar safa na ajiye musu, suka taru a jikinta suka yi shiru. Na zauna ina kallonsu har la'asar. Na san abin sha'awa ne, kaina ya gaya mini haka, amma ƙirjina bai ce komai ba.

Bayan magariba, da gari ya fara duhu kaji suka natsu, Maman 'Yan Biyu ta zo. Ta ce sai a irin wannan lokacin, lokacin da kaza ba ta gani sosai. Ta rufe bakin tocila da tafin hannu ta haska ƙasa, ta koya mini yadda ake yi. A dunƙule ɗan tsako a cikin hannu, bayan hannun yana sama don in sara ya zo ya sauka a kan hannuna, a tura ta ƙarƙashin fiffike a saki, a fito da ƙwai ɗaya a madadinsa. Haka na yi. Mai Hula ta sare ni sara mai kyau, duk da ramar tata bakin yana nan. Na sa na farko na fito da ƙwai, na sa na biyu, har biyar. Ta kumbura, ta yi wani gurnani, sai ta ji motsi a ƙarƙashinta ta yi tsit, ta sunkuyar da kai tana saurare. Maman 'Yan Biyu ta ce cikin raɗa in kwashe sauran ƙwai biyun. Na sa hannu na ɗauko ɗaya. Na sake sa hannu, na taɓa na ƙarshen, hannuna ya dawo babu komai. Ba shawara na yi ba, ban ma yi tunanin komai ba. Ta tambaya ko shi ke nan, na ce shi ke nan. Shidan na haƙa rami a gindin lemo na binne, na wanke hannu na shiga ɗaki.

Da safe na tarar ta karɓe su. Kawuna biyar sun leƙo ta cikin gashinta, ɗaya ma ya hau bayanta ya zauna. Maman 'Yan Biyu ta yi ta hamdala tana share ido da bakin mayafi, ta ce yanzu sai ta tashi ta fito da su ta ci abinci. Amma ba ta tashi ba. Ranar ta wuce, ta biyu ta shiga, tana nan daram. 'Yan tsakin su fito bakin kwando su yi ta kuka, su tsattsagi dusar katako, su koma. Na kawo abinci a murfin gwangwani har gabanta, ina ƙwanƙwasa shi da yatsa yadda aka ce uwa tana yi da baki, wasu suka ɗan ci, ita ko kallo. Na san dalili, Uwata. Ina tsaye a kanta na san dalili sarai, na juya na tafi shago.

Safiyar da ta biyo baya na tarar da ɗan toka-tokan a ƙasa, a bayan kwando. Ya fito neman abinci ya faɗo, ya kasa hawa, uwar kuma ba ta sauko ta ɗauke shi ba. Ya miƙe ƙafafu, ya sandare. Ina riƙe da shi Maman 'Yan Biyu ta shigo. Ta kalle shi, ta kalli kazar, ta durƙusa ta ɗaga ta. Ga ƙwan nan a tsakiyar kwando da da'irarsa. Na ɗauka za ta yi faɗa, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce muddin akwai ko ɗaya a ƙarƙashinta ba za ta tashi ba, za ta yi ta jiran wanda ba zai fito ba har masu ran su bi ɗan'uwansu, ita ma ta bi su. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, na ce ta bari. Na durƙusa na ɗauka da kaina.

Da aka mayar da Mai Hula kwandon, ta juya, ta laluba da baki, ta sake juyawa. Ta daɗe tana nema. Sannan ta miƙe. Ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, ta kifa da ƙirji, ta sake miƙewa, ta tsallako bakin kwandon da ƙyar. Abin da ta fara yi, in gaya miki gaskiya, kashi ne mai warin da ya kore mu baya. Daga nan ta nufi murfin gwangwanin ta yi wani kira da ban taɓa ji daga bakinta ba, ƙut-ƙut-ƙut, huɗun nan suka gangaro suna faɗuwa suna tashi. Kazar da ta kusa mutuwa da yunwa, sai ta ɗauki ƙwayar hatsi ta ajiye musu, ta ɗauka ta ajiye, sai da suka fara ci sannan ta haɗiyi ta farko. Ta je ga ruwa ta yi ta sha tana ɗaga kai sama.

Ni kuma ina tsaye da ƙwai a hannu. Da ɗuminsa, Uwata, ɗumi sosai, irin na abu mai rai, alhali na san babu komai a ciki. Na rufe hannuna a kansa. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, ina dai ji yana hucewa kaɗan-kaɗan, na ƙara matsewa, bai hana ba. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, ban gaya wa kowa ba. A asibiti, da hantsin nan, hannunta yana cikin nawa. Da ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba ta ce sai haƙuri, ban saki ba, don da ɗuminsa, na ce a raina ai ba su sani ba ne. Na riƙe har ya yi sanyi a cikin nawa, sannan na ajiye shi a kan gado, na fita na fara kiran mutane a waya. Tun daga lokacin ban sake jin komai ba, sai ranar nan a ɗakin ajiya da ƙwan ya gama hucewa. A nan na san Ummanku ta mutu. Na zauna a ƙasa cikin dusar katako na yi kuka, kuka mai sauti, irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Maman 'Yan Biyu, Allah Ya saka mata da alheri, ta fita ta ja mini ƙofa.

Na binne shi tare da ɗan tsakon, kusa da sauran. Mai Hula tana ci yanzu, ƙirjin ya fara cikowa, huɗun suna nan suna bin ta, fikafikansu sun fara tsiro. Na mayar da su ɗakinsu na cikin akurki, na ƙara raga mai ƙananan ido a ƙasa saboda ɓera. Ba zan ce miki na warke ba. Yawancin kwanaki har yanzu kamar dā suke, in tashi, in yi aiki, in kwanta. Sai dai wani lokacin yakan zo mini ba sallama, a shago ko a kan hanya, ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na fi son hakan.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ina godiya da ɗawainiyarsa. Ki gaishe da amaryata 'yar ƙarama, ki ce mata angonta ya tsufa amma yana nan, da Sarkin Ɓarna, a ce masa na ji labarin abin da ya yi wa rediyon ubansa. Gwaggonki da ƙaninki suna gaishe ku, Maman 'Yan Biyu ma ta ce lallai in sa gaisuwarta. Ki riƙa yi wa Ummanku addu'a. Ni duk wadda na yi mata a baya da baki na yi, sai yanzu na fara.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Baba